Gaisuwar Babbar Sallah daga Belfast

Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan ruwan Jos ya bari an sauko daga idi lafiya.

Mu nan a wani zaure muka yi salla, ana sallamewa kowa ya kama hanyar aiki. Zaman ɗaki ya ishe ni, sai na gangara bakin kogin Lagan. Inna, mutanen nan kifi suka gina a bakin titi! Tsawonsa mita 10, ko giwan ruwan Argungu albarka. Tun 1999 yake nan, wani mai suna John Kindness ya ƙera shi lokacin da aka gyara bakin kogin. Ɓawon jikinsa duk tayil ne shuɗi da fari, kan ka matsa kusa sai ka ga tsofaffin jaridu da hotunan tarihin garin, har da zanen 'yan makaranta. Wai a tatsuniyarsu akwai kifin da duk wanda ya ci shi zai san komai, shi ya sa na ga wata dattijuwa ta ɗaga ƙafa tana sumbatarsa. Baba, kada ka damu, hoto kawai na ɗauka. Aikin dai ya yi kyau, ba ƙarya.

Amma ina tsaye ina dariya sai hancina ya tuna gida. Yau ko ƙaurin babbaka ban ji ba. A nan ba a yanka a gida, kuɗi ake ba mahauci, nama ya zo a leda bayan kwana biyu. Na san yanzu Inna ta ɗora kaskon suya, an fara da kayan ciki, ana ta korar yara daga bakin murhu. Hantar nan da ake tsame min da zafinta, a barbaɗa yaji, ita ta hana ni sukuni tun safe. Ga masa da miyar taushe. Ni kuwa kifi da dankali na ci, ba yaji ba komai.

A gaida Gwaggo ta Gangare da kyau, a ce mata ina nan da rigar sanyin da ta ba ni, kuma ta daina tsallake maganin hawan jini. A gaida Kawu da iyalinsa, su Yaya, da maƙwabta. Auta kuma, ja'ira, na ji kin cinye kasona, goron sallarki sai kin turo sakamakon jarrabawa.

Inna, idan an samu mai zuwa, a ƙullo min yaji da daddawa.

Ɗanku.