Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan ninki 675 da kuka buga a jikin kwali

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mini da madubin hangen taurari,

Bayan gaisuwa. Sau biyu ina aiko muku da imel, amsar da na samu kawai ita ce in jira sararin sama ya washe. Sama ta washe, Malam Manaja, matsalar tana nan, shi ya sa na fito da maganar fili.

Na sayi madubinku mai faɗin baki milimita 70 da tsawon tattara haske milimita 900, don ni da ɗiyata mu ga zoben duniyar Zuhal, wato Saturn. A kwali kun rubuta da manyan baƙaƙe cewa yana girmama abu ninki 675. Na san inda kuka samo lambar: 900 a raba da 4, tsawon tattara hasken ƙaramin gilashin idon da kuka sa mana, ya ba da 225, sai a ninka sau uku da gilashin Barlow mai ƙara ninki. A takarda lissafin ya fita. Amma masu wannan harka sun san madubi ba ya ɗaukar fiye da ninki biyu na faɗin bakinsa a milimita. Naku iyakarsa wajen 140 ne, shi ma sai a daren da iska ta kwanta.

Ga abin da muka gani a 675 ɗin. Zuhal ya koma wani ɗigon maiƙo rawaya, dishi-dishi, yana karkarwa, kafin in gama daidaita shi juyawar duniya ta fitar da shi daga ido. Ramin da ake leƙawa kamar na allura, sai gashin idona ya goge gilashin kafin in ga komai. Yarinyar ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Baba, ina zoben?" Ban sami abin ce mata ba.

Gilasan idon guda biyu, mai H20 da mai SR4, tsofaffin ƙirar Huygens da Ramsden ne, kowanne da gilashi biyu kacal, ga duniyar Mushtari, wato Jupiter, yana fitowa da shuɗi da ja a gefensa. Na haƙura na sayo gilashin ido ƙirar Plössl mai milimita 10, ashe da sauran rina a kaba: bakin bututunku inci 0.965 ne, alhali yawancin gilasan ido na yanzu inci 1.25 ne. Ko kalma ɗaya ba ku rubuta kan wannan ba a tallarku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne madubin kansa ba shi da laifi. Da wani aboki ya ara mini mahaɗin da ke daidaita shi da bakin bututun na ɗora Plössl ɗin, a ninki 90 kawai zoben Zuhal ya fito tsaf, ga ratsi biyu a jikin Mushtari, ga watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610 sun jeru. Wato kun ƙera abu mai kyau kuka lalata shi da tarkace, don kawai a sami babbar lamba ta talla. Mutum nawa suka jefa nasu ƙarƙashin gado suna zaton su ne ba su iya ba?

Ina buƙatar ku aiko mini da mahaɗin inci 1.25 da gilashin ido na ƙwarai, ko ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina. Sannan ku goge 675 daga kwalin, ku rubuta 140. Rasit yana hannuna, kwalin ma ban yar ba.

Naku,
Wani mai sayen kayanku