Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gidaje Da 'Yan Hayar Da Muke Hulɗa Da Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu masu gidaje da 'yan uwanmu 'yan haya, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne game da saƙon da ya shiga wayoyin da yawa daga cikinku a daren Lahadin da ta gabata, mai cewa ana bin ku kuɗin haya. Cikin waɗanda saƙon ya je wa har da mutanen da suka biya kuɗin shekara tun kafin azumi. Wata Hajiya da ke zaune a ɗaya daga cikin gidajen da muke kula da su a Tarauni ta iso ofis da sanyin safiyar Litinin, ta kwance rasit ɗinta daga cikin leda, ta ajiye a kan tebur, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mana ciwo a kan duk maganganun da muka sha a waya.

Babu ma'aikacinmu ko ɗaya da ya rubuta wannan saƙo. Manhajar da muke lissafi da ita ce ta tura shi da kanta. Mun koma amfani da ita ne a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, kowa ya koma turawa ta banki, alat yana shigowa da tsakar dare ba sunan gida ba lambar ɗaki, har babban littafinmu ya kasa riƙe lissafin. Manhajar tana haɗa kowane biya da gidansa, ta fitar da rasit, ta nuna wa mai gida abin da ya shigo masa, sannan ta tunatar da ɗan haya idan wa'adinsa ya matso. Sai dai kamfanin da ya ƙera ta a ƙasar waje yake, kuma da dala yake karɓar kuɗinsa duk wata. Ranar da muka ƙulla da su dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, sai da ta haura 1,500 a shekarar 2024. A tsawon wannan lokaci katin naira ba ya biya a waje, sai mun tura yaro Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ya nemo dala, kuma duk da haka ba mu ƙara wa kowa ko kwabo a kan kamashonmu ba. Da abin ya fi ƙarfinmu ne muka nemi su mayar da mu ƙaramin tsari mai rahusa, a wurin sauyin kuma suka bar bayanan biyan wasu watanni a baya, manhajar ta ɗauki masu gaskiya a matsayin waɗanda ake bi bashi. Mun rubuta musu har sau uku, amsar da ke dawowa ta na'ura ce.

Wannan ne kuma ya jinkirta kuɗin wasu masu gidaje, domin ba mu yarda mu tura abin da ba mu tabbatar ba. Kuɗin kowa yana nan.

Mun dakatar da saƙonnin, kuma muna kan duba hanyoyin da za su hana sake faruwar haka, waɗanda za mu sanar da ku idan sun kankama.

Ya iso kunnenmu cewa wasu na shawarar karɓe makullansu su kai wa wani dillalin. Gida naku ne, ba mu da ta cewa. Amma ba za mu ɓoye cewa maganar ta sosa mana rai ba, ganin cewa a duk shekarun nan ba a taɓa kama mu da cin kuɗin wani ba. Muna godiya ga Alhajin da ya fara damƙa mana makullan gidansa na Hotoro tun ofishinmu yana shago ɗaya, wanda ya kira ranar Litinin don kawai ya ce mu kwantar da hankalinmu, da kuma magadan da suka bar gidajen mahaifinsu a hannunmu bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa.

Duk wanda saƙon ya same shi alhali ya biya, muna roƙon ya zo ofis da rasit ko alat ɗinsa, kowace rana ban da Juma'a, mu gyara sunansa a gabansa, mu kuma ba shi haƙuri baki da baki.

Wassalam.

Naku,
Manajan kamfani, a madadin dukkan ma'aikata