Ƙaron Chadi da maganin da ake ja da maganadisu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi bayani kan wani bincike da masana harhaɗa magunguna suka daɗe suna yi, wato jan maganin ciwon daji da maganadisu zuwa wurin ƙari, wanda nake ganin ya shafe mu a nan Chadi fiye da yadda muke zato.

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon daji ya san cewa maganin da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya ba ya bambance ƙari da lafiyayyen nama. Yana zagaye jiki duka, gashi ya zube, ƙarfi ya ƙare, wani ma kamar doksorubisin yakan taɓa zuciya. Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a ɗora maganin a kan wasu ƙwayoyi na sinadarin ƙarfe, dangin tsatsa, waɗanda faɗinsu bai wuce nanomita 10 zuwa 100 ba, alhali kaurin gashin mutum ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. Idan an zuba su cikin jini sai a kafa maganadisu mai ƙarfi a saitin ƙarin, ya tara su a wurin. Saboda ƙanƙantarsu, da zarar an janye maganadisun sai su saki juna, ba sa zama dunƙule su toshe jijiya.

Sai dai ƙwayar ƙarfe tsirara ba ta da amfani a jikin mutum, domin takan manne da ƴan uwanta, kuma hanta da saifa sukan tsince ta daga jini tun kafin ta isa inda aka aike ta. Shi ya sa ake yi mata riga da abin da ake kira polima, wato sinadari mai dogayen zaruruwa, kamar sitaci, ko destiran, ko kitosan da ake samu daga ɓawon jatanlande da ƙaguwa. Rigar ce ke riƙe maganin, kuma ana iya tsara ta yadda ba za ta sake shi ba sai ta ji tsamin da ke kewaye da ƙari, wanda ya ɗara na jini, ko kuma sai an ɗumama ƙwayar daga waje da maganadisu mai jujjuyawa.

A nan ne na tuna da makarantar allo. Malaminmu ba ya haɗa tawada sai ya jiƙa ƙaro a ciki, domin idan babu shi baƙin yakan kwanta a gindin kurtu, ruwa ya tsaya a sama. Aikin da ƙaro ke yi wa baƙin tawada shi ne ainihin aikin da ake nema polima ta yi wa ƙwayar ƙarfe, kuma tuni masana a ƙasashe daban-daban suka gwada shi a ɗakunan bincike a matsayin riga. Ƙasarmu kuwa tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya bayan Sudan. Ana tsinto shi a yankunan Salamat da Gera, iri biyu, kitir da talha, a loda a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, Faransa ta sayi kaso mai yawa ta tace, ta sayar da tsada.

Ba na so a ɗauka cewa abin ya riga ya iso asibiti. Tun a 1996 Andreas Lübbe da abokan aikinsa a Jamus suka gwada jan magani da maganadisu a kan majinyata 14 da maganin efirubisin, jikinsu ya karɓa, amma har yau bai zama hanyar jinya ta yau da kullum ba, saboda ƙarfin maganadisu yana raguwa da sauri idan aka yi nisa, ƙarin da ke can cikin ciki kuwa ba ya kamuwa. Maganin Feraheme da Amurka ta amince da shi a 2009 irin waɗannan ƙwayoyi ne masu riga, amma ƙarancin jini yake magancewa ga masu ciwon ƙoda, ba a jansa da komai. Don haka mai tallar awarwaron maganadisu a kasuwa da sunan maganin daji, neman kuɗinsa kawai yake yi.

Roƙona ga sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Injamena shi ne ya sa ɗalibansa su auna ƙaronmu a wannan aiki. Haɗa ƙwayoyin ba ya bukatar fiye da gishirin ƙarfe iri biyu da ruwan amoniya. Na'urorin auna girmansu ne ke da tsada, kuma ana iya neman haɗin gwiwa da Jami'ar Ngaundere ta Kamaru da ke maƙwabtaka da mu. Ko kwatanta kitir da talha aka yi, aka gano wanda ya fi riƙe ƙwayar a cikin ruwa, an samu abin rubutawa.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya,
Injamena, Chadi