A riƙa tambayar asalin irin kafin a dasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan gangamin dashen bishiyoyi, kuma na ji daɗinsa. Sai dai daga farko har ƙarshe lissafi guda ake yi: an dasa kaza, za a dasa kaza. Babu wanda ya tambayi inda aka samo irin. Ni da na yi shekaru ina aiki a wurin renon bishiyoyi, wannan tambayar ce ta fi tsaya mini a rai.

Bishiyoyi biyu suna iya zama jinsi ɗaya, sunansu ɗaya, ganyensu ɗaya, amma abin da suka gada ya sha bamban. Wadda kakanninta suka yi dubban shekaru a busasshiyar ƙasa ta gaji zurfin saiwa da haƙurin ƙishi. Wadda ta fito daga ƙasa mai sanyi ta gaji sanin lokacin da za ta daina toho kafin ƙanƙara ta sauka. Wannan hali yana cikin ƙwayoyin gadonta, kuma duk inda ka kai irin zai bi shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1820 wani Bafaranshe, Vilmorin, ya tara irin bishiyar fayin (wata bishiyar katako mai ganye kamar allura) jinsi ɗaya daga sassan Turai daban-daban, ya shuka su gefe da gefe a gonarsa ta Les Barres. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, kulawa ɗaya. Na wajen birnin Riga, a ƙasar Latbiya ta yau, suka tashi a miƙe sambal, wasu kuwa suka fito a karkace da manyan rassa, ba su da kyan katako.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na bishiyar turare, wadda asalinta Ostireliya ce. Jinsin da masana ke kira Eucalyptus camaldulensis ya bazu a kusan duk faɗin nahiyar. Gwajin da aka yi a ƙasashe da dama tun daga shekarun 1960 ya nuna irin yankin Petford, na arewacin jihar Queensland inda damina ke zuwa da zafi sannan a yi dogon rani, shi ke yin kyau a ƙasashe masu irin wannan yanayi. Irin Tafkin Albacutya na jihar Victoria, inda ruwa ke sauka lokacin sanyi, ya fi dacewa da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Ka musanya su, ka yi asarar wahalarka, alhali a takarda sunan da aka rubuta daidai ne.

Kuma asarar ba ta saurin bayyana. Manomi in ya shuka mugun iri, kafin kaka ya gane. Mai gandun daji sai bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da wanda ya sayo irin ya daɗe da barin aiki.

Na ga wannan da idona. An taɓa kawo mana buhun iri babu ko ƴar takarda a jikinsa. Tsiron ya fito kore shar, kowa na yabo. Daga baya muka gano cewa mai tara irin bishiyoyi biyu kacal ya hau, gajeru masu rassa har ƙasa, a bakin hanya, don su suka fi sauƙin hawa. (Ban ga laifinsa sosai ba, da nauyin buhu ake biyansa.) Wato dubban tsiron da muka raba duk ƴan uwa ne, kuma ƴaƴan bishiyoyin da suka fi kowa muni a wurin. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce a tara daga lafiyayyun bishiyoyi 30 ko fiye, da tazara mai kyau a tsakaninsu.

Amfanin yawan iyaye yakan fito ne ranar da cuta ta zo. Ciwon da ke busar da wata bishiyar katako ta Turai da ake kira ash ya ɓulla a ƙasar Folan a farkon shekarun 1990, ya ratsa Turai, aka tabbatar da shi a Birtaniya a 2012. Ya kashe bishiyoyi ba adadi, amma cikin kowane daji akan sami ƙalilan da suka jure, kuma juriyar gado ce. Daga cikinsu ake zaɓen iyayen da za a sake dashe da su. Da duk dajin ƴaƴan uwa ɗaya ne, da babu abin zaɓa.

Yanzu ga canjin yanayi ya ƙara dagula lissafin, har wasu masana na ganin irin gida kaɗai bai isa ba, a gauraya shi da na wuraren da suka ɗan fi zafi. Ina ganin suna da hujja, muddin an gwada kafin a baza.

Roƙona, Malam Edita, in wakilinku ya sake zuwa bikin dashe, bayan ya rubuta adadin, ya nemi a nuna masa takardar buhun: daga wane daji aka taro irin, kuma daga bishiyoyi nawa.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin gandun daji