Ƙorafin mai alkaki a kan toshe kunne a madafa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Na san shafin ya saba ɗaukar maganar tsaro da tsadar rayuwa, ni kuwa maganar madafa na kawo. Ka yi haƙuri da ni, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sana'ata kayan gara ce: alkaki, nakiya, dubulan, cincin, gireba, sai kek idan an nema. A cikin gida nake yi, nan Gwammaja, kuma bana shekarata 22 a kai. Da ita na aurar da 'yata ta fari, da ita nake biyan kuɗin makarantar 'yan biyuna. Don haka idan na yi magana a kan kaskon suya, ba labari aka ba ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a watan jiya. An ba ni aikin garar wata amarya, bokiti huɗu na alkaki, biyu na dubulan, ga nakiya ga cincin. 'Yar ƙanena da ta gama sakandare tana zaune a wurina tana koyon sana'a kafin sakamakon jarrabawa ya fito. Na ɗora sukari mudu uku a wuta, na matse lemon tsami a ciki don kada ya daskare a jikin alkakin, na ce ta kula da shi, ni kuma na koma bakin turmi. Ina cikin daka sai na ji ƙarar tukunyar ta sauya. Na ƙwala mata kira, shiru. Na sake, shiru. Kafin in jingine taɓarya in iso, ƙauri ya cika tsakar gida, sukarin ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ita kuwa ga ta nan taku biyu daga murhun, ta juya masa baya tana shimfiɗa leda a bokitai, tana gyaɗa kai. Na ɗaga gefen ɗankwalinta, sai ga abin nan da suke cusawa a kunne, iyafis, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Wallahi Gwaggo ban ji ba," in ji ta. Gaskiya ta faɗa, ina za ta ji?

Duk wanda yake shiga Kasuwar Singa ya san yadda kuɗin sukari da fulawa suka koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mudu uku a yau ba abin da za a zubar a kwata ba ne a ce Allah ya mayar da alheri a wuce. Ribar bokiti guda ce ta tafi a ranar. Amma Malam Edita, ba asarar ce ta fi tsaya mini a rai ba, kuma ban yi mata faɗa don tana jin waƙa ba. Ni kaina ba na iya aiki shiru. Abin da ya dame ni shi ne yaran nan ba su san da kunne ake girki ba.

Mai idan ya yi zafin da ya dace, ka jefa ɗan ƙullu, akwai irin "cuu" ɗin da yake yi. Idan bai kai ba, sai abin ya nutse shiru ya sha mai. Cincin yana shiga kasko da hayaniya, idan ruwan jikinsa ya ƙare sai hayaniyar ta kwanta, to lokacin kwashewa ya zo ko da launinsa bai gama yin ja ba, domin zai ƙarasa a cikin kwando. Sukari ma haka. Da fari tafasarsa irin ta ruwa ce, sauri-sauri. Idan ya fara danƙo sai ta yi nauyi, kumfar tana fashewa a hankali, ɓal, ɓal. Daga nan ne ake ɗiba a matsa tsakanin babban yatsa da manuni a ga ko ya ja zare. Tsakanin wannan ƙarar da ƙonewa ba a fi 'yan mintoci ba. Ni daga bakin turmi na ji ta, ga rediyona kuwa yana ta yi. Rediyo yana raba iska da tukunya, kowa ka ji nasa. Abin kunnen nan shi kaɗai yake so a ji.

Kiɗa da aikin hannu a gidajenmu tare suka taso. Innarmu, Allah ya jiƙanta, a shekarun 1980 ta fara gasa kek, kuma har ta rasu ba ta mallaki oban ba. Tsohuwar tukunyar ƙarfe ce da ita, ta zuba yashi mai tsabta a ƙasa, ta bari ya ɗauki zafi, ta jera gwangwanayen madara da ta shafe da bota ta zuba ƙullu rabi-rabi, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin. Agogonta kaset ne. Kaset mai minti 60, kowace fuska minti 30 ke nan. Tana rufe tukunya sai ta danna Shata. Idan kaset ya kai ƙarshe rikodar ta yi "ƙas", sai ta ɗaga murfi ta soka tsinken tsintsiya, in ya fito fes an gama. Matsala ɗaya ce, ranar da batir ya yi sanyi. Sai ka ji muryar Shata ta yi nauyi tana jan ƙafa kamar wanda aka tasa daga barci, kalangun ma ya koma kamar ana buga garwa. Inna ta san ranar kaset zai daɗe fiye da ƙa'ida, sai ta buɗe tun bai ƙare ba, mu kuma a tura mu shanya batir a rana. Shata ya rasu a 1999, Inna ta bi bayansa da 'yan shekaru, amma har yau idan na ji amshin 'yan kalangunsa sai in ji ƙamshin bota da zafaffen yashi.

Kafin kaset kuwa, matan da kansu suke yin kiɗan. Wanda bai taɓa ganin dakan nakiya na biki ba, an bar shi a baya. Shinkafar tuwo ce ake wankewa a shanya, a soya ta sama-sama, a haɗa da citta da kanumfari da masoro, sannan a yi ta daka da zuma ko sukari da man shanu har ta kama jikinta. Aiki ne na ƙarfi, mace ɗaya ba ta iya shi. Sai mata uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude, wannan ta sauke, wannan ta ɗaga, gwanar cikinsu ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da ta ɓata bugun ba. Waƙar da suke yi ita ke hana taɓaren karo da juna, wadda ta saki amshi ita za ta fasa wa 'yar'uwarta yatsa. A cikin waƙar kuma ake sauke abin da ke ciki: habaici ga kishiya, zambo ga mijin da bai cika cefane ba, kirari ga amarya. Uwar miji tana ɗaki tana ji, ba ta da ta cewa, ai waƙar daka ce. Yanzu da yawa inji suke kai shinkafar, kuma ban ga laifinsu ba, bayana ma ya fara ƙorafi. Sai dai nakiyar inji ba ta kai ta turmi danƙo, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa.

Da yake na daɗe a kai, kowane aiki na san abin da nake kunna masa. Naɗin alkaki zaman awanni ne. Alkamar, wadda nake saro ta noman rani daga wajen Kura da Kadawa, an ɓarza ta tun jiya, an murje da mai, an kwaɓa da ruwan tsamiya ta kwana, da safe an sa ɗan ruwan kanwa ya kashe tsamin. Abin da ya rage shi ne murzawa da naɗewa ɗaya bayan ɗaya, ɗari bayan ɗari. Wannan sai doguwar waƙa mai labari, Shata ko Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa, wadda hannu zai yi ta tafiya hankali yana can yana bin zance. Yankan cincin kuwa sauri yake so, nan Barmani Choge ce gwana. Ƙwaryar amada tana tashi za ka ga wuƙa ta bi kiɗan da kanta. Baiwar Allah nan ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana zaburar da mata su kama sana'a su daina zaman jiran miji, to ina wurin da ya fi dacewa a ji ta irin gaban faranti da muciya? Idan dare ya yi ina kwalliyar kek, yara sun kwanta, masu wuta sun ɗauke abinsu ina aiki da fitilar caji, kuntigin Ɗanmaraya Jos nake sakawa can ƙasa-ƙasa. Tsirkiya ɗaya ce tal, ba ta girgiza hannu. Waƙoƙin fim na yaran yanzu ma ban ƙi su ba, suna da daɗin wanke-wanke. Lokacin dafa sukari ne kawai nake rage murya ko wane ne yake waƙar.

Na san a cikin masu karatunka akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, kuma ina girmama su. Maƙwabciyata mai gullisuwa da tuwon madara haka take. Karatun Alƙur'ani take sakawa, ko Infirajin Aliyu Namangi, tana juya madara tana bi a hankali. Ni ma da azumi tafsiri nake kamawa har a sha ruwa. Amma ita ma a fili take sakawa, duk wanda ya shigo gidan ya samu rabonsa, kuma ba ta taɓa ƙona madara don ba ta ji ba.

Akwai abin da ya fi ƙonewar sukari. Ranar aikin gara mukan kai mu biyar ko shida a tsakar gida. Da, abu ɗaya muke ji, wata ta yi amshi, wata ta ce wannan baitin da ke ake, a yi dariya, a tuna wadda aka yi bikinta da wannan waƙar. A nan yarinya take jin yadda ake zaman aure da yadda ake lissafin riba ba tare da an zaunar da ita an ce za a yi mata nasiha ba. Yanzu sai ka ga 'yammata uku a tabarma ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, kowacce tana wata duniyar. Ka yi magana sai ta zare ɗaya ta ce "Na'am?" Hannun yana koyon naɗi, amma sauran abin duk yana wuce ta.

Roƙona biyu ne. Na farko ga gidajen rediyonmu. Mun taso muna jin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, mace tana tsakar gida a gaishe ta daga wani gari. Yanzu tashoshi sun yi yawa, amma tsakanin hantsi da azahar, lokacin da mata ke bakin aiki, abin da ya fi yawa a wasunsu tallan maganin basir ne da na sanyi, a maimaita har ka haddace lambar wayar. A ware mana ko awa ɗaya ta kiɗan gargajiya a wannan lokacin, a bar waƙa ta kai ƙarshenta ba a datse ta da talla ba. Masu sayar da fulawa da mai da sukari su ɗauki nauyi, ai mu ne kasuwarsu.

Na biyu gare ka ne, Malam Edita. Ka tura wakiliyarka, mace, ta shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta nemi tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da na niƙa. Na san ɗaliban Hausa a jami'o'i sukan rubuta irinsu a kundayensu, amma takarda ba ta da murya, ba ta kuma nuna inda taɓarya ke sauka. Inna tana da waƙoƙin lugude sun fi goma. Baiti biyu kawai na riƙe, su ma ban tabbata ban haɗa na wannan da na waccan ba. Lokacin da ya kamata in tambaye ta, ina can ina juya kaset da biro.

Ita kuwa 'yar ƙanena, mun daidaita. Na cire kuɗin sukari mudu ɗaya daga ladanta, biyun na yafe. Na sayi 'yar ƙaramar sifika mai caji na rataye a ƙusar bakin madafa, kowa ya haɗa wayarsa bi da bi, amma a fili. Ita ta ce waƙar Shata ba ta ƙarewa, ni na ce nata mawaƙan duk murya ɗaya inji ya ba su. Shekaranjiya dai na ji ta tana yi wa Barmani amshi tana yankan cincin, da ta ga ina kallonta sai ta yi shiru. Ranar Asabar muna da wata garar, bokiti shida, kuma ita zan sake ɗorawa a kan sukarin.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Taku,
Maman 'Yan Biyu,
Gwammaja, Kano.