Zuwa ga Edita: yaranmu na barin guminsu a hannun kafil

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ku bani ɗan fili in yi magana akan yaranmu da suke tafiya neman kuɗi Saudiyya, mu na nan arewacin Kamaru da 'yan uwanmu na Chadi, don abin ya fara isata wallahi. Daga Garwa zuwa Marwa zuwa Kusseri har ka tsallaka gadar Ngeli ka shiga Njamena, da wuya ka samu unguwar da babu wanda ya dawo daga Jidda ko Riyad yana cewa kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarsa, ya danne masa albashi, ko an sallame shi rana tsaka ba a bashi ko dala ba. In kace toh ka kai ƙara? sai yace ina, ƙasar mutane ce, na barshi da Allah. Madalla, Allah na nan, amma shi kafil ɗin bari da Allahn nan naka yake jira tun farko, kuma dokar ƙasar tasu da kanta ta baka haƙƙi, a rubuce yake.

Ni abinda na lura abu biyu ne ke kashe maganar, saurin sa hannu da saurin hawa jirgi. Ɗan yayata yayi tuƙi a wani kamfani a Jidda shekara huɗu, da suka so rabuwa dashi sai wani a ofis ya miƙo masa takarda da Larabci yace sa hannu nan a shirya maka kuɗinka da tikiti, yaro ya sa, ashe takardar istiƙala ce, wato shi da kansa ne wai ya ajiye aiki. Ku duba lissafin Malam Edita. Sashe na 84 na dokar ƙwadagonsu yace in aiki ya ƙare ana biyanka kuɗin sallama, rabin albashin wata akan kowace shekara a shekaru biyar na farko, bayan nan albashin wata cikakke akan kowace shekara, kuma da albashinka na ƙarshe ake lissafi. Mai ɗaukar riyal 1,500 da yayi shekara huɗu kenan riyal 3,000 ne nashi, ya haura sefa dubu 400. Amma in kai ka ajiye aikin, sashe na 85 yace tsakanin shekara 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku zaka samu, riyal 1,000 kenan, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, sai ka cika 10 ne zaka karɓa duka, in kuwa baka kai shekara biyu ba ko ƙwandala babu. Kunga abinda sa hannu ɗaya ya ci.

Kuma ba nan asarar ta tsaya ba. Mutanenmu suna yawan musu akan notis, wai dole a basu wata biyu kafin a sallame su. Eh akwai maganar kwana 60 a dokar, amma na kwantiragin da ba a yanka masa wa'adi bane, shi kuwa baƙo kwantiraginsa dole rubutacce ne mai wa'adi, haka sashe na 37 yace. Kuma wannan ma yafi maka, domin in suka katse maka aiki kafin wa'adin ya cika ba tare da dalilin da doka ta yarda dashi ba, sashe na 77 yace a biyaka albashin watannin da suka rage, kuma kar ya gaza albashin wata biyu, sai dai in kwantiragin ya faɗi wata diyya daban. Wanda saura wata bakwai wa'adinsa ya cika aka ce ya tattara kayansa, albashin wata bakwai yake bi, ba notis ba. Shi yasa suke son ka rubuta cewa kai ka tafi da ƙafarka. Amma fa in kana cikin lokacin gwaji ne, wanda baya wuce kwana 180, suna iya sallamarka ba diyya, wannan kam ba musu.

Sai takarda ta biyu, mukhalasa, wadda a ciki kake shaida ka karɓi duk haƙƙinka baka bin kowa komai. Dan Allah samari kar ku sa hannu sai kuɗi sun shiga asusunku kun gani da idonku. Doka ta basu sati ɗaya su biyaka komai in su suka sallame ka, sati biyu in kai ka ajiye, kuɗin iƙama, wato takardar zama, da tikitin komawa gida kuma akan mai aiki suke ba a albashinka za a cire ba. A nan 'yan uwanmu na Chadi suke ɗan ruɗuwa, mutum yana jin Larabcin kasuwar Njamena yana ciniki dashi a Jidda lafiya lau sai ya ɗauka ya gane takarda, alhali Larabcin ofis da na kotu wani abu ne daban, kuma in an samu saɓani tsakanin Larabci da wani yare a kwantiragi na Larabcin ake bi. Ka ɗauki hoton takardar da wayarka ka tura wa wanda yayi karatu, kwana ɗaya ba zai kashe ka ba.

Wani tarkon kuma shine korar baki. Manaja yace daga gobe kar ka zo, kai kuma kayi zuciya ka koma ɗaki ka kwanta, bayan sati biyu kaji an sa maka hurub wai ka gudu daga aiki. Sashe na 80 ya basu dama su kore ka ba notis ba sallama in ka ƙi zuwa aiki sama da kwana 15 a jere ba uzuri, ko sama da kwana 30 a warwatse cikin shekara, bayan sun yi maka gargaɗi a rubuce. Don haka in ance an kore ka kace a rubuta maka, in sun ƙi ka tura saƙo ta WhatsApp kace yau wane yace min kar in ƙara zuwa, ka ajiye amsar, kotunsu tana karɓar saƙon waya a matsayin hujja, sannan ka riga su kai ƙara.

Ita ƙarar ba wani abin tsoro bace. Ana fara ta ne a ma'aikatar ƙwadago ta intanet, a kira ku sulhu kai da mai aikin, suna da kwanan aiki 21 su daidaita ku, in abin ya ƙi a tura kotun ƙwadago, wadda aka buɗe tun 2018, kuma ma'aikaci baya biyan kuɗin kotu akan neman haƙƙinsa. Abinda zasu duba shine kwantiragin da ke cikin Qiwa, shafin ma'aikatar na intanet da ake rajistar kwantiragi, da takardar banki mai nuna watan da kuɗi ya shiga da wanda bai shiga ba, ba abinda dillali ya faɗa maka a gindin darbejiya a Marwa ba. Dillali yace 1,800 ne, kai kuma ka danna amincewa akan 1,000 a waya, toh 1,000 ɗin ne albashinka. Tun gyaran da suka yi a watan Maris na 2021, in aka yi wata uku a jere ba a biyaka ba kana iya komawa wani kamfani ba sai kafil ya yarda ba, da yawa har yau basu sani ba suna zaune suna cin bashin shinkafa. Kuma akwai wa'adi, wata 12 daga ranar da aikin ya ƙare, in ya wuce da wuya a saurare ka. Wanda ya karɓi huruj, wato bizar barin ƙasar, ya dawo gida yana cewa zan bi daga nan, da me zaka bi? In tafiyar ta zama dole ka bar wa wani amintacce wakala a rubuce kafin ka tashi, ka kuma leƙa ofishin jakadancinmu, Kamaru da Chadi duk suna da ƙaramin ofishi a Jidda da babba a Riyad, ko basu yi komai ba sunanka ya shiga takarda.

Matanmu masu aikin gida da direbobin gida duk wannan lissafin bai shafe su ba, tsarinsu daban ne ta Musaned, shafin gwamnati na masu aikin gida, kuɗin sallamarsu albashin wata ɗaya ne bayan shekara huɗu a jere, abin tausayi. Wanda kuma ya shiga da bizar Umra ya maƙale yana aiki ba iƙama shi yafi kowa shiga uku, in ya ɗaga murya Shumaisi ce a gabansa, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgin gida, iyaye masu sayar da gona ko shanu su ba dillali ku tambayi irin bizar tukuna.

Kuma gaskiya mu ma nan gida ba mu wanke ba. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Chadi nawa ne ke mana gadi da gini da tuƙin babbar mota a Garwa da Ngaundare, ranar biya a ce musu kai da baka da takardar zama har kana da baki? Alhaji ne fa mai faɗin haka, wanda ya san hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992 tace notis a rubuce ake bada shi tare da dalilin sallamar, rigima kuma wajen sufeton ƙwadago ake fara kaita don sulhu kafin kotu, kuma mai bin albashi yana da shekara uku ya nema.

Roƙona gareku Malam Edita, ku samo lauya ko wani da ya daɗe yana aiki a can ku bashi shafi ko sau ɗaya a wata, masu karatu su turo hoton kwantiraginsu a rufe sunaye ya yi musu bayani da Hausa, gidajen rediyonmu na Garwa da Marwa su ma su ɗauka su karanta da Hausa da Fulatanci don waɗanda basa karatu. Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Garwa, arewacin Kamaru