Wasiƙa daga Udaipur

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ya aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na ɗauka na ba ka labarin masarautar Mewar, wadda fadarta take a nan Udaipur, cikin jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya. Sarakunanta 'yan gidan Sisodia ne, ɗaya daga cikin zuriyoyin Rajput, wato gidajen sarauta da mayaƙa na arewacin Indiya, kuma Maharana ake ce wa mai riƙe da sarautar.

Kafin Udaipur, gadon sarautar yana Chittor, birni mai ganuwa a bisa dutse, wanda aka ci da yaƙi har sau uku: Alauddin Khalji a 1303, Bahadur Shah na Gujarat a 1535, sai Sarki Akbar na daular Mughal a 1568. Allah ya sa tun a 1559 Maharana Udai Singh ya kafa Udaipur a tsakiyar duwatsun Aravalli, don haka gidan bai rasa mafaka ba.

Ɗansa Maharana Pratap shi ne wanda sunansa ba ya barin bakin mutanen nan. A lokacin da sarakunan Rajput da dama suka yi wa Akbar mubaya'a, wasu har suka ba shi auren 'ya'yansu, Pratap ya ƙi, aka gwabza a Haldighati a 1576. Ina so ka lura da wani abu, domin masu ba da labari a yau sukan mayar da wannan yaƙi na addini: wanda ya jagoranci rundunar Akbar shi ne Man Singh na Amber, Barajpute kuma mabiyin addinin Hindu, alhali a sahun gaban Pratap akwai Musulmi, Hakim Khan Sur. Rigima ce ta mulki da martaba. Pratap bai yi nasara a ranar ba, amma ya shige duwatsu, ƙabilar Bhil suka mara masa baya, kuma kafin rasuwarsa a 1597 ya ƙwato mafi yawan ƙasarsa, ban da Chittor.

Ni dai sulhun da ɗansa Amar Singh ya yi da Jahangir, ɗan Akbar kuma magajinsa, a 1615 ya fi yaƙin burge ni. Ƙasa ta gaji, talakawa sun sha wuya, sai ya amince da fifikon Mughal, amma bisa sharaɗin cewa Maharana ba zai je fadar kowa da ƙafarsa ya yi gaisuwa ba, sai dai ya aika yarima. An mayar masa da Chittor da sharaɗin kada a gyara ganuwarta. Ya sama wa jama'arsa numfashi ba tare da ya zubar da girman gidansu ba, kuma a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata.

Hare-haren Maratha, mayaƙan yammacin Indiya, ne suka tilasta wa Mewar shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila a 1818. Duk da haka halin gidan bai sake ba, domin a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Maharana Fateh Singh ya je har Delhi cikin jirgin ƙasa, sannan ya juya gida bai halarci babban taron sarakunan da Curzon, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, ya kira ba. Turawa ba su manta ba, a 1921 suka rage masa iko suka miƙa wa ɗansa Bhupal Singh, wanda shi ne ya shigar da Mewar cikin tarayyar Rajasthan a 1948. A 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke alawus ɗin sarakuna da matsayinsu a hukumance. Fadar da take tsakiyar tafkin Pichola otal ce yanzu, kuma raina yakan sosu duk lokacin da na hango ta.

Ka miƙa gaisuwata ga Baba da Inna, a ci gaba da sa ni cikin addu'a.

Wassalam,
Naka amini.